Masu Neman Abinci a Teburin Karta: Sana'ar 'Yan Gasar Holdam Mai Iyaka a Las Vegas

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli, lokacin da zafin hamadar jihar Nevada ke haura digiri 40, dubban mutane daga sassan duniya kan yi tururuwa zuwa birnin Las Vegas na Amurka domin gasar karta da ake kira World Series of Poker. Zaurukan gasar manya ne ƙwarai, tebura ɗaruruwa a jere, na'urorin sanyaya ɗaki na ta aiki har sai ka ga mutum cikin rigar sanyi alhali a waje rana na ƙuna. Surutu kaɗan ne. Abin da ke cika kunne shi ne ƙarar ƙwandalolin wasa da mutane ke ta murzawa tsakanin yatsunsu suna jiran a raba musu kati.

Akasarin wannan taro sun zo ne domin nau'in wasan da talabijin ya yi wa suna, wato holdam marar iyaka, inda mutum ke iya tura duk abin da ke gabansa a zubi ɗaya. Amma a wani ɓangare na zauren akwai wasu 'yan tsiraru, da yawansu furfura ta fara fito musu, da ke buga holdam mai iyaka. A wannan nau'in doka ce ke yanke adadin da za ka zuba da wanda za ka ƙara, ba zuciyarka ba. Cikinsu akwai waɗanda da wannan wasa suke biyan kuɗin haya, suke ciyar da iyali. Sana'arsu caca ce, babu wani suna da za a sakaya ta da shi, kuma hukuncinta a wurin Musulmi sananne ne. Sai dai a wannan zamani da ake tallata wa matasa caca a cikin wayoyinsu da sunan wasan basira, yana da kyau mai karatu ya san yadda aikin yake a wurin waɗanda suka fi kowa iya shi, ya san inda kuɗin ke fitowa da inda suke ƙarewa.

Asalin wasan

Holdam reshe ne na wasan karta da Amurkawa ke kira foka. A jihar Texas ya tashi, har ma majalisar dokokin jihar ta amince a 2007 cewa garin Robstown ne mahaifarsa. 'Yan cacar da ke yawo gari-gari a Texas, irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim da Crandell Addington, su suka kai shi Las Vegas a shekarun 1960, domin Nevada ta halatta caca tun 1931. A 1970 Benny Binion, mai gidan caca na Horseshoe, ya gayyaci gwanayen zamanin suka yi kwanaki suna bugawa, daga ƙarshe suka zaɓi Johnny Moss a matsayin zakara ta hanyar ƙuri'a. Daga nan World Series of Poker ta samo asali. A 1976 aka fara ba duk wanda ya lashe wata gasa a cikinta munduwar zinare, wadda har yau ita ce abin da kowane ɗan wasa ke buri.

Marar iyaka shi ake bugawa a babbar gasar World Series of Poker, amma a ɗakunan karta na yau da kullum mai iyaka ne ya daɗe yana mulki. Dalilin a fili yake. A marar iyaka, wanda bai iya ba kan rasa kuɗinsa cikin sa'a guda ya tafi, ƙila ba zai dawo ba. A mai iyaka kuwa a hankali ake cinye shi, wata rana ma ya tashi da riba, gobe ya sake dawowa. Wannan ya yi wa masu gidajen caca daɗi, ya kuma yi wa ƙwararru daɗi. Da aka ba da damar buga holdam a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1980, manyan ɗakunan karta na yankin Los Angeles irin su Commerce da Bicycle suka cika da teburan mai iyaka dare da rana. Littattafan koyar da shi suka yawaita. David Sklansky ya fitar da nasa tun 1976, sannan shi da Mason Malmuth suka fitar da wani na masu zurfi a 1988, wanda ya zama abin bita ga duk mai son shiga sana'ar.

Shekarar 2003 ce ta juya al'amarin. Wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga babbar gasa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Talabijin ya nuna wasan tare da ƙananan kyamarori masu leƙa katin kowa. Cikin shekara uku masu shiga babbar gasar suka kai 8,773. Matasa suka koma marar iyaka gaba ɗaya, teburan mai iyaka suka yi ta raguwa. A 2023 da 2024 babbar gasar ta haura mutum 10,000, alhali gasar zakarun mai iyaka, wadda ita ma dala 10,000 ne kuɗin shigarta, ba ta cika wuce mutum ɗari da 'yan kai ba. Akwai kuma ta dala 1,500 mai tara ɗaruruwa, da ta dala 3,000 da ake zama mutum shida a tebur.

Yadda ake buga shi

Kati 52 ne a ƙunshi, alama huɗu, kowace alama kati 13: daga biyu zuwa goma, sai jak, sarauniya, sarki da as. Mai rabo zai ba kowa kati biyu a kife, nasa ne shi kaɗai. Daga nan sai a shimfiɗa kati biyar a buɗe a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: uku a tashin farko, sannan na huɗu, sannan na biyar. Kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin da yake gani. Tagwaye sun fi warin kati, tagwaye biyu sun fi tagwaye ɗaya, 'yan uku sun fi su, sai jeri na kati biyar masu bin juna, sai biyar masu alama ɗaya, sai 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu, sai jeri mai alama ɗaya wanda ba kasafai ake ganinsa ba.

Zagayen zubi huɗu ne a kowane rabo. A biyun farko ƙaramin zubi ake yi, a biyun ƙarshe babban zubi, wanda ya ninka ƙaramin. Idan aka ce ana matakin 200 da 400, to kafin a buɗe katin tsakiya da bayan buɗe ukun farko, zubi 200 ne, ƙari ma 200. Da an buɗe na huɗu da na biyar, komai ya koma 400. Akwai wani farin faifai da ke zagaya tebur daga kujera zuwa kujera bayan kowane rabo. Mutum biyun da ke hagunsa dole su ajiye zubi tun ba su ga katinsu ba, na farko 100, na biyu 200. Wannan zubin dole shi ke hana mutum ya naɗe hannu yana jiran kati mai kyau har abada. Idan layi ya zo kanka, ko ka yar da katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba, ko ka biya abin da aka zuba, ko ka ƙara. In ba wanda ya zuba, kana iya ƙwanƙwasa tebur a wuce ka. A World Series of Poker zubi ɗaya da ƙari huɗu ne iyakar kowane zagaye, sai fa in mutum biyu kaɗai suka rage a gasar.

Wannan iyaka ita ta bambanta halin wasan. A marar iyaka, burga makami ce babba, domin kana iya tsorata mutum da tulin ƙwandaloli ya yar da kati mai kyau. A mai iyaka burga ba ta da wannan ƙarfi, tunda abin da za a biya a ga katinka ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ya taru a tsakiya. Shi ya sa rabo da yawa kan kai har ƙarshe a buɗe kati. Mai iyaka wasa ne na yanke ƙananan shawarwari masu yawa, ɗaruruwa a yini, kowacce ba ta kai ta kawo ba ita kaɗai, amma tarinsu shi ne riba ko asara.

Ranar gasa

Ɗan wasa kan fara da layin rajista. Zai nuna katin shaida, domin dokar Nevada ba ta yarda wanda bai kai shekara 21 ya yi caca ba. Zai biya kuɗin shiga, a ba shi takarda mai ɗauke da lambar tebur da ta kujera, ba shi ke zaɓa ba. Kowa da adadin ƙwandaloli ɗaya yake farawa, kuma waɗannan ƙwandaloli ba su da darajar ko sisi a wajen gasar. Ba ka iya tashi ka canza su kuɗi in ka ga ka yi riba. Ko dai ka zauna har ka kai matsayin da ake biya, ko a cinye ka ka fita. Da lokaci ya yi, shugaban gasa zai ba masu rabo umarni a lasifika su cakuɗa su raba, agogo ya fara tafiya.

Agogon nan shi ne babban abokin hamayyar kowa. Bayan kowane minti 40 ko sa'a guda, gwargwadon tsarin gasar, ana ɗaga matakin zubi. Wanda da rana yake da babban zubi 50 a gabansa, in bai ci komai ba, da dare sai ya tarar goma suka rage masa, ba don ya yi asara ba, don dai awon ya canza. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. In ka shiga rabo da ƙari tun farko, ka ci gaba da zubi ɗaya a kowane zagaye har ƙarshe, babban zubi uku da rabi ka kashe. Ke nan mai babban zubi bakwai, rabo biyu kawai zai faɗi ya kama hanyar gida. Wannan ya sa gasar mai iyaka ke da fuska biyu: sa'o'in farko a hankali take tafiya, da wuya a ga wani ya fita, amma da matakai sun yi sama sai a ga mutane na zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kowace sa'a biyu akwai hutu na minti 15 ko 20, wanda a cikinsa mutum zai kama ruwa, ya ci ɗan abin da ya samu, ya koma. Zaman yini kan kai sa'a goma zuwa sha biyu. Yayin da mutane ke fita, ma'aikata na rushe tebura suna cike guraben wasu, sai ka ga wanda ya shafe sa'a biyar yana karantar abokan zamansa an ɗauke shi an kai shi cikin baƙin fuskoki. In dare ya yi nisa, waɗanda suka rage za su ƙirga ƙwandalolinsu, su zuba a jakar leda, su rubuta suna da adadi, a liƙe a ajiye sai gobe. Gasa irin wannan kan ɗauki kwana uku.

Lokaci mafi nauyi shi ne sa'ad da ya rage mutum ɗaya ya fita a fara biyan kuɗi. A nan ake tsayar da kowane tebur sai sauran sun gama rabonsu, sannan a sake rabawa tare, don kada wani ya ja lokaci da gangan yana jiran wani ya riga shi faɗuwa. Wanda ya fita a wannan gaɓa ya yi zaman da kowa ya yi, ya sha wahalar da kowa ya sha, amma ya tashi a tutar babu.

Dokokin zama ma suna da tsauri. Ƙungiyar shugabannin gasa da Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001 ta daidaita yawancinsu. Abin da ka furta da baki a kan layinka ya zama dole a kanka. In ka jefa ƙwandala ɗaya mai babbar daraja ba ka ce ƙari ba, biya ka yi. Ba ka zuba wasu ƙwandaloli ka koma ka ɗebo wasu kana leƙen fuskar abokin hamayya. Ba mai ba ka shawara kana riƙe da kati. Turanci kaɗai ake yi a tebur muddin ana cikin rabo, don kada 'yan gari ɗaya su haɗa baki. Wanda ya karya doka, alƙalin zaure na iya tashinsa na wasu zagaye, zubin dole na ta cin ƙwandalolinsa yana tsaye yana kallo.

Kayan aikin da ke cikin kai

Abu na farko da ƙwararre ke koya shi ne yar da kati. Hanyoyin da kati biyu za su iya haɗuwa a hannu 1,326 ne, waɗanda ke komawa iri 169, kuma mafi yawansu ba su cancanci ko kwabo ba. As biyu, wanda shi ne mafi ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Tagwaye ko na mene ne, sau ɗaya cikin 17. Saboda haka a cikakken tebur gwani kan yar da mafi yawan abin da aka ba shi tun kafin a buɗe tsakiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yana kuma duba kujerarsa: wanda faifai ke gabansa shi ke magana a ƙarshe bayan an buɗe tsakiya, ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara, don haka yana iya shiga da katin da na farkon layi ba zai kuskura ya shiga da shi ba.

Abu na biyu shi ne auna farashi. A ƙaddara mutum na da kati huɗu masu alama ɗaya, saura katin ƙarshe a buɗe. Katin alamar 13 ne, ya ga huɗu, saura tara a cikin kati 46 da bai gani ba. Tara za su cece shi, 37 za su kayar da shi, wato kusan faɗuwa huɗu kafin ci ɗaya. In a tsakiya akwai 2,400 kuma 400 ake nema ya biya, ana ba shi shida a kan ɗaya ke nan, biya ya kamace shi ko da ya san sau da yawa zai faɗi. In kuwa 1,200 ne a tsakiya, uku a kan ɗaya ke nan, farashin bai kai ba sai in yana da yaƙinin zai karɓi wani zubin a zagayen ƙarshe. Haka kuma a zagayen ƙarshen: in babban zubi goma ya taru, aka nemi ya biya ɗaya, ya ishe shi ya yi nasara sau ɗaya cikin sha ɗaya. Yar da katin da ke kan gaba a irin wannan wuri shi ne kuskure mafi tsada a wasan, domin don tsimin zubi ɗaya ka bar goma.

Abu na uku shi ne tatsar zubi guda. Gwani na da tagwaye masu matsakaicin ƙarfi a zagayen ƙarshe, ya lura abokin hamayyarsa mutum ne mai son biya ya gani. Wanda bai ƙware ba zai ƙwanƙwasa tebur don tsoro, gwani kuwa zai zuba, domin ya auna cewa cikin duk biya goma da za a yi masa zai ci shida ko bakwai. Wani lokaci zai ƙwanƙwasa da kati mai ƙarfi, ya bar wani ya zuba, sannan ya ƙara masa. Wani lokaci zai ƙara a zagaye mai arha don a ji tsoronsa a bar shi ya ga kati na gaba kyauta a zagaye mai tsada. Ribarsa kamar ta mai awon hatsi ce, wadda ke kan tozon mudu: ɗan abin da ya ƙaru a nan, ɗan abin da bai zube ba a can. Tsofaffin 'yan sana'ar sun daɗe da ƙiyasin cewa wanda ya iya sosai, a teburin kuɗi na yau da kullum, babban zubi ɗaya yake ci a sa'a. A teburin dala 20 da 40, dala 40 ke nan a sa'a, kuma shawarar da suke bayarwa ita ce kada ka zauna sai kana da jarin babban zubi 300, wato dala 12,000, domin makonnin asara na nan tafe ko da kai ne gwanin gwanaye.

Abu na huɗu, wanda ya fi kayar da mutane, shi ne riƙe zuciya. Tunda biya na da arha, mutum huɗu ko biyar na iya bin ka har ƙarshe, ɗayansu ya dace da katin da yake nema ya kwashe tulin da ka gina. Wannan zai faru sau da yawa a yini guda. Wanda ya hasala ya fara shiga kowane rabo don ramuwa, cikin sa'a ɗaya zai rushe aikin mako. Jennifer Harman, wadda ta lashe munduwar mai iyaka ta dala 5,000 a 2002, da Daniel Negreanu ɗan Kanada wanda ya lashe ta dala 2,000 sau biyu, a 2004 da 2008, suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage. Harman ce ma ta rubuta babin mai iyaka a littafin koyar da foka na biyu na Doyle Brunson, kamar yadda Bobby Baldwin ya rubuta a na farko.

Mai rabo

A tsakiyar kowane tebur akwai mutum ɗaya da ba ya ci ba ya faɗuwa, shi ne mai rabo. Aikinsa sana'a ce mai zaman kanta, da makarantunta da gwajin ɗaukar aiki, kuma sai ya yi rajista da hukumar kula da caca ta Nevada. Da yawansu na wucin gadi ne, sukan zo daga jihohi daban-daban domin makonnin gasar kawai. Katin roba yake amfani da shi, ba na takarda ba. Akwai tsarin cakuɗawa da ba ya saɓawa, sannan ya yanka ƙunshin a kan wani kati marar zane da ke rufe na ƙasa. Kafin kowane buɗi yakan kife kati ɗaya a gefe, domin in akwai wanda ya yi wa katin sama alama, kada saninsa ya amfane shi. Shi ke ƙirga ƙari, shi ke raba tuli in wani ya ƙare ƙwandaloli a tsakiyar rabo, shi ke karanta katin da aka buɗe ya tura wa mai nasara. Bayan kowane minti 30 wani zai zo ya karɓe shi, ya matsa tebur na gaba. Albashinsa ƙarami ne, abin da ke riƙe shi shi ne kason da ake warewa ma'aikata daga kuɗin shiga da kyautar da masu nasara ke bayarwa. Shi ne kuma ke shan zagin wanda kati ya juya wa baya, alhali bai san abin da zai fito ba.

Ina kuɗin ke zuwa?

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. A ƙaddara mutum 500 suka biya dala 1,500 kowanne, an tara dala 750,000. Gidan da ke shirya gasar kan cire kusan kashi ɗaya cikin goma domin kansa da ma'aikata, wato kimanin dala 75,000, tun ba a raba kati ko ɗaya ba. Ragowar ake rabawa tsakanin kusan kashi 15 cikin ɗari na 'yan wasan, mutum 75 ke nan. Sauran 425 sun tafi ba uwa ba riba. Cikin 75 ɗin ma, yawancinsu ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na abin da suka biya za su karɓa. Kuɗin kirki na teburin ƙarshe ne, musamman mutum ukun farko. Bayan haka ga kuɗin jirgi da masauki da abinci na makonni, ga haraji. Baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kashi 30 cikin ɗari ake riƙewa daga abin da ya ci.

Wannan ya sa 'yan sana'ar da yawa ba da kuɗinsu suke wasa ba. Wani na da ubangida mai biya masa kuɗin shiga, su raba riba, amma duk asarar da ya yi tana taruwa a kansa, ba zai ga ko dala ɗaya ba sai ya cike ramin. Wani yana sayar da kaso na abin da zai ci ga masu saye. Wasu na musayar kashi biyar ko goma a tsakaninsu. Saboda haka adadin da jarida ke bugawa a ƙarƙashin hoton zakara, sau da yawa ba shi ne ke shiga aljihunsa ba, kuma ba a buga jimillar kuɗin shigar da ya yi asara a gasannin da suka gabata.

Ko manyan gwanaye ba su tsira daga juyin sa'a ba. Daga 2001 zuwa 2004 wani attajiri mai banki daga Texas, Andy Beal, ya riƙa zuwa gidan Bellagio yana ƙalubalantar ƙwararru a holdam mai iyaka, mutum biyu gaba da gaba, har zubi ya kai dala 100,000 da 200,000. Ba wanda ya iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai. Sai da Doyle Brunson da Chip Reese da Jennifer Harman da Ted Forrest da wasu suka haɗa jarinsu wuri guda suna karɓa-karɓa, kuma duk da haka akwai ranakun da Beal ya kwashe musu miliyoyi. A 2006, a gidan Wynn, Phil Ivey ya ci dala miliyan 16.6 a hannun Beal cikin kwana uku.

Daga baya kwamfuta ta shigo. A 2008 wata manhaja mai suna Polaris ta Jami'ar Alberta a Kanada ta doke ƙwararru a Las Vegas. A watan Janairun 2015 Michael Bowling da abokan aikinsa na wannan jami'a suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta warware holdam mai iyaka na mutum biyu, ta yadda ko ɗan Adam ya shafe rayuwarsa yana bugawa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba. Teburin mutum tara bai warwaru haka ba, amma darussan na'ura sun bazu, tazarar da ke tsakanin gwani da na tsakiya ta ƙara tsukewa, la'adar gida kuwa tana nan yadda take.

Abin da ya rage

Babu mai musun cewa akwai basira a wannan aiki. Akwai lissafi, akwai haƙuri, akwai karantar mutane, akwai danne zuciya. Amma manomi in ya yi aiki hatsi ya ƙaru a duniya, tela in ya yi aiki riga ta samu. A teburin karta ba abin da ke ƙaruwa. Duk dalar da gwani ya ci daga aljihun wanda ke zaune kusa da shi ta fito, kuma sana'ar ba ta tsayuwa sai da masu faɗuwa da ke dawowa gobe. Cikinsu akwai waɗanda caca ta zame wa ciwo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan jaraba. Gwanayen ma ba duka suka gama lafiya ba. Stu Ungar ya lashe babbar gasa sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, miliyoyin daloli suka bi ta hannunsa, amma a watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, caca da ƙwaya sun cinye komai.

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar caca a Suratul Baƙara aya ta 219, ya haramta ta tare da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda ya ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Lissafin da muka bi a sama bai saɓa wa wannan ba ko kaɗan. Matashin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, wanda ake nuna wa hoton zakara da tulin daloli a waya, ko yake kai kuɗin abincinsa shagon cacar ƙwallo, ya sani cewa waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin wannan abu, da jari da littattafai da manhajoji, da ƙyar suke tsira da zubi ɗaya a sa'a, mafi yawan masu shiga gasa kuma hannu rabbana suke fita. In Allah Ya ba ka kan lissafi da haƙurin zama sa'a goma a kan aiki ɗaya, kai su kasuwa, ko gona, ko makaranta, inda ribarka ba za ta zama hawayen wani ba.